Diwanin Sayyidina Umar da Haƙƙin Talaka a Baitulmali

 Kowace shekara idan azumi ya kai goma na tsakiya, aka fara ganin jerin mutane a ƙofofin masu hali, sai gardama ɗaya ta taso a majalisunmu. Wasu su ce kyauta ce ta lalata mutane, ta hana su noma da sana'a. Wasu su ce wanda ya ƙoshi ne kaɗai ke iya faɗin haka. Wannan gardama ta girme mu ƙwarai, domin an yi ta a Madina a gaban Sayyidina Umar ɗan Haɗɗabi, Allah Ya yarda da shi, wanda ya riƙi halifanci daga shekara ta 13 zuwa ta 23 bayan hijira. Abin da ya gudana a can shi za mu bi yau.

A shekara ta 18 bayan hijira, wato 639 ta miladiyya, ruwa ya ɗauke a Hijaz. Ƙasa ta yi baƙi, iska tana kwasar ƙura kamar toka, shi ya sa aka kira ta Shekarar Toka. Dabbobi suka mutu, mutanen daji suka kwararo Madina da iyalansu suka sauka a gefen gari. Mu da muka ga 1973 da 1984 ba mu bukatar a siffanta mana yadda irin wannan zango yake. Umar ya sa aka kafa tukwane, ya naɗa mutane a kowace kusurwa ta gari suna rabon abinci, da dare su zo su ba shi labari. Wata rana ya ce a ƙidaya masu cin abincin dare a wurinsa, aka samu 7,000, waɗanda ake kai wa har masaukinsu kuwa, mata da yara da marasa lafiya, suka kai 40,000. Ya rubuta wa gwamnoninsa yana neman agaji, Abu Ubaida ya zo daga Sham da raƙuma 4,000 ɗauke da cimaka. Shi kansa halifa ya haramta wa bakinsa nama da man shanu har sai mutane sun samu, ya koma ga gurasa da man zaitun har launin jikinsa ya sauya. Bai aiki masu karɓar zakka ba a shekarar, sai da aka samu sauƙi. Ba a ruwaito cewa ya tsayar da mai yunwa yana tambayarsa dalilin da ya hana shi tanadi ba.

An yi wata tara cikin wannan hali. Da aka fita roƙon ruwa, Umar ya gabatar da Abbas baffan Annabi, Allah Ya saukar da ruwa. Nan ne ya yi abin da masu ba da wannan labari suka cika tsallakewa: ya sa aka bi zango zango ana ce wa mutane su koma ƙasarsu, aka ba su guzuri da abin hawa. Tukunyar da aka kafa don fari, da fari ya wuce aka sauke ta, kuma ba a sallami kowa hannu wofi ba.

Wannan agajin gaggawa ke nan. Abin da ya fi wuyar hukunci shi ne wanda ya biyo baya, lokacin da dukiya ta yi yawa. A zamanin Sayyidina Abubakar, abin da ya shigo baitulmali nan take ake raba shi daidai wa daida, ɗa da bawa, namiji da mace, domin shi yana ganin ladar fifiko tana wurin Allah, abin duniya kuwa abin kai wa baki ne. Da aka buɗe Iraƙi da Sham, sai dukiya ta fi ƙarfin irin wannan rabo. Abu Huraira ya taho daga Bahraini da dirhami 500,000, har Umar ya zaci gajiyar tafiya ce ke sa shi kuskuren lissafi, ya ce ya je ya yi barci ya dawo da safe. Da safe lissafin bai sake ba. Aka ba halifa shawara ya yi kamar yadda sarakunan wasu ƙasashe ke yi, a rubuta sunayen mutane cikin littafi, kowa a yanka masa abin da zai riƙa karɓa duk shekara. Wannan littafi shi ne diwani, kuma a shekara ta 20 aka kafa shi bisa zance mafi shahara. Mutum uku masana nasabar Ƙuraishawa suka rubuta shi: Aƙilu ɗan Abu Ɗalib, Makhrama ɗan Naufal da Jubairu ɗan Muɗ'im. Da suka so sa dangin halifa a sahun gaba ya ƙi, ya ce a fara da dangin Annabi, shi kuma a ajiye shi inda Allah Ya ajiye shi.

Umar ya saɓa wa Abubakar wajen rabo, ya fifita waɗanda suka riga shiga Musulunci suka sha wuya dominsa. Mutanen Badar dirhami 5,000 kowane a shekara, matan Annabi 10,000, Nana A'isha 12,000, haka aka yi ta saukowa har zuwa masu ɗaruruwa. Ya ba Usama ɗan Zaidu fiye da abin da ya ba ɗansa na cikinsa Abdullahi. Ban da kuɗi akwai abinci na wata wata, kuma yadda ya gano adadinsa abin sha'awa ne: ya sa aka niƙa awo ɗaya na alkama da ake kira jaribi, aka yi gurasa aka ciyar da mutum 30 da rana suka ƙoshi, aka sake yin haka da dare. Sai ya yanka wa kowane rai jaribi biyu a wata.

Ba kowa ya yi murna ba. Abu Sufyan, tsohon madugun Ƙuraishawa wanda ya san hanyar Sham kamar tafin hannunsa, ya gargaɗi halifa cewa idan ya yanka wa mutane albashi za su dogara ga diwani su bar fatauci. Umar bai ƙaryata shi ba. Ya amsa masa cewa babu makawa sai an yi, domin dukiyar Musulmi ta yi yawa. A ganinsa dukiyar ta mutane ce, shi mai tsaro ne, kuma mai tsaro ba ya hana mai kaya kayansa don tsoron kada ya yi kasala. Mu dai muna ganin duka biyun sun faɗi gaskiya, kuma sauran tarihin diwani yana tafiya ne tsakanin maganganun nan biyu.

Da farko an ƙa'ide cewa yaro ba ya shiga diwani sai an yaye shi. A takarda wannan ƙa'ida ba ta da aibi, tun da mai shan nono ba ya cin alkama. Wani dare ayarin fatake ya sauka a filin idi na Madina, Umar da Abdurrahman ɗan Aufu suka kwana suna gadinsu suna salla. Umar ya ji kukan jariri, ya je ya ce wa uwar ta ji tsoron Allah ta kula da ɗanta. Ya koma, kuka bai tsaya ba, ya sake zuwa. A ƙarshen dare ya zo na uku da faɗa. Matar ba ta san ko wane ne ba, ta gaya masa ya dame ta, ita yaye take son yi yaron ya ƙi, kuma dalilinta shi ne Umar ba ya ba da kuɗi sai ga yayayye. Ya tambayi watannin yaron, ta faɗa, ashe bai kai ko kusa da yaye ba. Da asuba ya ja salla mutane ba su iya rarrabe karatunsa saboda kuka. Da ya sallame ya zargi kansa da halaka ƴaƴan Musulmi, ya sa mai shela ya sanar cewa kada a gaggauta yaye, kowane jariri yana da rabonsa tun ranar haihuwa, aka rubuta haka zuwa sauran ƙasashe. Rabon jariri dirhami 100 ne a shekara. Don mu gane nauyinsa, nisabin zakkar azurfa dirhami 200 ne, kuma a takardar zakka ta Abubakar an daidaita tumaki biyu da dirhami 20.

Mu tsaya kan matar nan kaɗan. Wani mai wa'azi zai ce kwaɗayi ya sa ta cutar da ɗanta, ba kuwa za mu wanke ta sarai ba. Amma halifa laifin ya ɗora wa ƙa'idarsa, domin ya gane cewa duk sharaɗin da aka gindaya wa taimako, mabukaci zai lanƙwasa rayuwarsa har ta dace da shi. Masu rubuta sunayen mabukata a ƙauyukanmu, da masu hali da ke aiko su, ya kamata su riƙe wannan. Idan aka ce ba a ba kowa sai wanda ba shi da ko akuya, kada a yi mamaki in mutum ya kai akuyarsa kasuwa kwana biyu kafin zuwan masu rubutu. Da hannunmu muka koya masa cewa tanadi asara ne.

Haƙƙin bai tsaya ga Musulmi ba. Umar ya tarar da wani tsoho Bayahude makaho yana bara don ya biya jiziya, ya kama hannunsa ya kai shi gida ya ba shi abin da ya samu, sannan ya aika wa ma'ajin baitulmali cewa a duba shi da ire-irensa, domin ba adalci ba ne a ci ƙuruciyar mutum a yar da shi da tsufa. Aka ɗauke musu jiziya. Shi ne kuma Umar ɗin da ya ji wani yana bara bayan magariba ya sa a ba shi abinci, da ya sake jin muryarsa ya duba ya ga buhu cike da gurasa a hammatarsa, ya ce wannan ɗan kasuwa ne, ya zazzage buhun gaban raƙuman zakka. Ya haɗu da wasu mutanen Yaman zaune suna cewa su masu tawakkali ne, ya gaya musu mai tawakkali shi ne wanda ya jefa iri cikin ƙasa sannan ya dogara ga Ubangijinsa. A wancan gefe kuma akwai Hakimu ɗan Hizam, wanda ya yi wa Annabi alkawarin ba zai ƙara karɓar komai daga hannun kowa ba, Umar ya yi ta kiransa ga rabonsa yana ƙi, har ya kafa shaidu cewa ya miƙa masa haƙƙinsa shi ne ya ƙi. Kamun kai irin na Hakimu daraja ce, amma ba a mai da ita doka a kan kowa ba.

Maganar da ta fi shafar mu ita ce wadda ya yi da Halidu ɗan Urfuɗa. Halidu ya zo daga Iraƙi, Umar ya tambaye shi labarin mutane. Ya ce ya baro su suna roƙon Allah Ya ƙara wa halifa kwana daga kwanakinsu, domin mayaƙan Ƙadisiyya suna karɓar 2,000 ko 1,500, kowane jariri 100 da abincin wata, har mai iyali da yawa yana samun rara yana kashewa inda ya dace da inda bai dace ba. Umar ya ce kada a yabe shi, haƙƙinsu ne aka ba su, da dukiyar ubansa Haɗɗabi ce da ba su samu ba. Ya ce ya san akwai rara, kuma bai halatta ya riƙe musu ita ba. Sannan ya faɗi abin da yake fata: idan albashin mutum ya fito ya sayi tumaki ya sa a karkara, na biyu ya fito ya ƙara kai ɗaya ko biyu, domin yana tsoron wasu shugabanni za su zo bayansa waɗanda a zamaninsu ba za a lissafa albashin nan a cikin dukiya ba, sai ya zama wanda ya rage, ko ɗansa, yana da abin jingina. Ga shi Umar da kansa ya dawo kan tsoron Abu Sufyan, sai dai maganin da ya kawo bai taɓa rabon kowa ba.

Wannan shawara ba baƙuwa ba ce a ƙasarmu. Fulani suna da habbanaye, a ba wanda garkensa ya ƙare saniya ta haihu a hannunsa, ya riƙe ƴaƴan ya mayar da uwar. Matanmu sun san jar akuyar Maraɗi tana haifar tagwaye, kuma da yawa cikinsu da ita suka aurar da ƴaƴa. Wanda aka ba zakkar jika hamsin a watan nan, idan gidansa ba hatsi, ya sayi hatsi, babu mai zarginsa. Idan kuwa yana da na kai wa damina, ya kashe ta kan shadda da ɗinkin salla, to ya sani shi Umar ke nufi. Mai fitar da zakka shi ma da sauran magana a kansa. Dukiyar da za ta tsayar da gida uku da ƙafafunsu, idan aka farfasa ta dala ashirin ashirin ga mutum dubu a ƙofar gida don a ga taro, badi mutum dubun nan za su dawo, har da ƙari.

Abin da Umar ya ji wa tsoro ya zo, ko da yake ya ɗauki lokaci. A zamanin Banu Umayya diwani ya zama sanda a hannun masu mulki, a ƙara wa mai biyayya, a jinkirta ko a yanke wa wanda aka ƙi. A shekara ta 218 bayan hijira, wato 833, halifa Mu'utasim na Abbasiyawa, wanda ya dogara ga sojojin Turkawa, ya rubuta wa gwamnan Masar cewa a share sunayen Larabawa daga diwani a tsayar da albashinsu. Wasu daga ƙabilun Lakhmu da Juzamu suka yi tawaye suna cewa haƙƙinsu ne na gado, aka murƙushe su. Daga nan jikokin mayaƙan da suka buɗe Masar suka bazu cikin ƙauyuka, suka kama noma da kiwo da fatauci tare da ƴan ƙasa, kusan shekara 200 bayan ranar da Aƙilu da abokansa suka rubuta suna na farko.