Tarihin Madatsar Ruwa ta Kainji da Abin da Ta Ci

Malaman ilmin fiziks suna karantar da almajiransu wata ƙa'ida wadda ita ce ginshiƙin babin makamashi baki ɗaya, watau cewa ɗan Adam ba shi da ikon ƙago ƙarfi daga babu, kuma ba shi da ikon gusar da shi, iyakar hikimarsa ita ce ya juya shi daga wata siffa zuwa wata. Galibi akan bayyana wannan mas'ala a kan allo da zanen ƙwallo mai gangarowa daga tudu, alhali kuwa a ƙasar Borgu, a kan Kogin Kwara, akwai hujjar da ta fi kowane zane, watau madatsar ruwa ta Kainji, wadda aka gina da siminti da duwatsu, aka kuma biya farashinta da gidajen mutane.

Kafin madatsar, Bussa ita ce mazaunin sarakunan Borgu masu jingina asalinsu ga Kisra, kuma a nan kogin yakan ratsa tsakanin duwatsu yana tafasa, har a shekarar 1806 ya halaka Bature ɗan yawon bincike Mungo Park da jirginsa. Daga nan zuwa Yawuri tsibirai ne birjik, waɗanda Gungawa suka zauna a kansu tun zamani mai nisa suna noman rani, musamman albasa, suna ɗibar ruwan kogi suna shayar da fangalinsu, Sarkawa kuma suna su a kewayensu.

Wani abin mamaki game da Kwara a wannan yanki shi ne tana cika sau 2 a shekara. Cikar farko ta damina ce, ruwan da ya sauka a ƙasashen kusa, mai ɗauke da laka har ya yi fari-fari. Ta biyu kuwa takan iso ne a tsakiyar hunturu, sa'ad da ko ɗigon ruwan sama babu, domin ruwan da aka yi a duwatsun ƙasar Gini sai ya yi watanni yana yawo cikin faffaɗan fadamun ƙasar Mali, ya zubar da lakarsa a can, sa'an nan ya iso garau, yana duhu-duhu. Wannan falala ta cika biyu tana cikin dalilan da suka ja hankalin injiniyoyi zuwa wurin, tun da kogin da ke kawo ruwa da rani shi ne abin neman mai son wutar da ba ta yankewa.

An kafa hukumar kula da madatsun Kwara a 1962, aka soma aiki a 1964 a zamanin Firayim Minista Abubakar Tafawa Ɓalewa, da rancen Bankin Duniya da na wasu ƙasashe, kamfanin Impregilo na Italiya ne ya yi ginin. Juyin mulki ya zo, yaƙin basasa ya biyo baya, aikin bai tsaya ba, har aka kammala a 1968, Janar Yakubu Gowon ya buɗe a farkon 1969. An tanadi gurbin injuna 12, amma 8 aka girka, masu iya ba da megawat 760 idan duka suna lafiya, abin da ba kasafai yake faruwa ba.

To, a nan ne ya kamata malami ya tsaya ya yi wa almajiransa lissafi, domin lissafin shi ke bayyana sababin duk abin da ya auku. Ruwan da zai cika akwati mai mita 1 ta kowace fuska nauyinsa tan 1 ne, kuma idan ya faɗo daga tsayin misalin mita 40, wanda shi ne kimanin tazarar da ke tsakanin saman tafkin da kogin da ke ƙasa, ya bugi farfelar inji, ƙarfin da zai bayar bai wuce ya kunna ƙwan lantarki mai wat 100 na sa'a ɗaya ba. Wanda ya fahimci ƙanƙantar wannan rabo ba zai yi mamaki ba da ya ji cewa, don a haskaka birane da masana'antu, sai da aka tare ruwa ya zama tafki mai tsawon kilomita fiye da 130, mai faɗin murabba'in kilomita fiye da 1,200.

Tafkin nan ya haɗiye tsohuwar Bussa da fadarta da maƙabartunta, ya haɗiye tsibiran Gungawa, aka tashi mutum wajen 44,000 daga garuruwa da ƙauyuka fiye da 200. Gaskiya ne hukuma ta gina musu Sabuwar Bussa da sababbin ƙauyuka na bulo, ba a kore su haka siddan ba, kuma adalci ne a faɗi wannan. Amma manomin da ya gaji ƙasar tsibiri wadda kogi ke zuba wa taki kowace shekara, idan an ba shi tudu mai tsakuwa, an ba shi muhalli ne kawai, sana'arsa tana can ƙarƙashin ruwa. A ganina wannan ita ce hasarar da ta fi wuyar ƙididdigewa, shi ya sa ba ta cika shiga littattafan makaranta ba.

Mutanen da ke ƙasa da madatsar su ma sun ɗanɗana, domin da cikar kogi ta koma hannun mai buɗe ƙofa da rufewa, fadamun ƙasar Nufe da ake noman shinkafa suka rage samun ruwa da laka a kan kari, kifin da ke hayayyafa cikin ambaliya ya ragu. A wasu shekarun kuma, idan tafkin ya cika fiye da kima aka saki ruwa, sai ya share gonaki da gidaje. A cikin tafkin kansa su ya bunƙasa har masunta suka yi ƙaura zuwa gare shi daga nesa, kuma nutsewar duwatsun ta kashe wuraren hayayyafar ɗan baƙin ƙudan nan mai kawo makanta, sai dai ruwa mai kwanciya ya yi wa katantanwar tsargiya daɗi.

A 1972 aka haɗe hukumar madatsun da hukumar lantarki ta ƙasa suka zama NEPA, daga bisani aka gina madatsar Jebba a 1985 da ta Shiroro a kan Kogin Kaduna a 1990, aka kuma ja waya ta Birnin Kebbi zuwa Yamai, har Jamhuriyar Nijar ta daɗe tana dogaro da wannan wuta. Farin da ya addabi ƙasashen Sahel a shekarun 1970 da 1980 ya nuna iyakar dabarar, domin a watan Yunin 1985 Kwara ta daina gudu a Yamai, kuma a irin waɗannan shekaru, duk da girman ginin da ƙwarewar masu tsaronsa, tafkin bai samun cikar da aka yi lissafinsa a kanta, dole a rage aikin injuna har Allah ya kawo damina mai albarka a duwatsun Gini.