Ina Aka Ajiye Muryoyin Zango?

Tsakanin 1927 da 1929, kamfanin Zonophone ya riƙa ɗaukar muryoyin mutanen Afirka ta Yamma a Landan, yana buga su a faifan garmaho, yana aiko da su gida a sayar. An yi da Yarabanci, da Fanti, da Ga, da Twi, an kuma yi da Hausa. Faifai ne masu nauyi, da sun faɗi ƙasa sai su tarwatse. A ma'ajiyar kamfanin EMI da ke Hayes aka adana su, daga can ne kuma kamfanin Honest Jon's ya tsamo wasu ya sake fitarwa a 2008.

A lokacin Sabon Zango ya riga ya kafu a Ankara, babban birnin Gana, daf da Abossey Okai ta yau mai kasuwar kayan gyaran mota. Malam Baƙo, ɗan Malam Naino Bakatsine, shi ya sari wurin wajen 1910. Unguwar Nima ta biyo baya a shekarun 1930. Duk kuwa inda Bahaushe ya yada zango, makaɗi na biye: kalangu wajen mahauta, maroƙa a ƙofar sarkin zango, waƙoƙin mata ranar biki da suna, Ishiriniya a daren Mauludi.

Abin da aka rubuta da tawada ya yi sa'a. Alhaji Umaru, wanda aka haifa a Kano ya rasu a Kete-Krachi a 1934, ya bar waƙoƙi da Larabci da ajami. A shekarun 1960 Cibiyar Nazarin Afirka ta Jami'ar Gana da ke Legon ta tashi haiƙan wajen tara irin waɗannan takardu. Ivor Wilks da Thomas Hodgkin suna cikin jagororin aikin, amma mai shiga zaurukan malamai shi ne Alhaji Usmanu Boyo. Ya karɓo aron littafi, a ɗauki hotonsa, a mayar wa mai shi. Amana ce ta yi wannan aiki, shi ya sa malamai suka yarda suka buɗe gafakarsu.

Sauti kuwa ya sha wuya. Tun 1952 Farfesa Kwabena Nketia ya fara zagaya garuruwa da na'urar ɗaukar magana, kuma abin da ya tara shi ne tushen ma'ajiyar Legon da aka raɗa wa sunansa a 2015. A 1989 gobara ta cinye tarin finafinan gidan rediyo da talabijin na ƙasa, GBC. Ɗakin faifan garmaho ya tsira, daga 2008 aka fara kwashe shi zuwa kwamfuta da tallafin Jamus. John Collins, masanin kiɗan highlife, ya kafa ma'ajiyar BAPMAF a 1990, sai ambaliyar Oktoba 2011 ta afka mata, ta lalata na'urori da wani sashe na kayan.

Idan wuta da ruwa sun yi wa cibiyoyi haka, ina ga akwatin da ke ƙarƙashin gadon wata hajiya a unguwar Maamobi? Domin babbar taskar kiɗan zango a cikin gidaje take: kaset ɗin biki, bidiyon naɗin sarauta, karatun Mauludi da wani ɗalibi ya ɗauka da rakoda. Littattafan kiɗan Gana sun fi zama kan highlife da kaɗe-kaɗen Akan, Ewe, Ga da Dagomba. Laimar Ankara kuma ba ta raga wa kaset, fumfuna ta kama zaren, ya manne, muryar ta dushe.

Samarin Nima sun tsallake wannan siraɗi. Ƙungiyar VIP, wadda ta cusa Hausar zango cikin kiɗan hiplife ta kuma girgiza ƙasar da "Ahomka Womu" a 2003, tana nan a intanet. Zabiyar da ta yi wa iyayensu waƙa ranar aure ce ke cikin haɗari.

Hanyar Alhaji Boyo ta dace da kaset kamar yadda ta dace da takarda: a ara, a kwafa, a mayar, a zauna da tsofaffin gidan su faɗi sunan mawaƙiyar, da bikin wane ne, da shekarar. A 2014 Legon ta haɗa hannu da Jami'ar New York wajen kwashe tsofaffin zarurrukan ma'ajiyar Nketia zuwa kwamfuta, kuma daga Nima zuwa can tafiyar tiroro ce, wato ƙaramar motar haya.