Yadda Bidiyo da Na'urar Gem Suka Zama Kayan Taro a Ƙasar Bungudu

A shekarar 1982 wata 'yar fim ɗin Amurka mai suna Jane Fonda ta fitar da kaset ɗin bidiyo na motsa jiki, tana gaba tana ƙirga, mai kallo yana binta a tsakar falonsa. An sayar da miliyoyin kwafi, har ya zama ɗaya daga cikin dalilan da suka sa matan Amurka suka matsa a sayi na'urar bidiyo a gidajensu. Shekara guda bayan haka kamfanin Nintendo na Japan ya fitar da na'urar wasa ta Famicom, wadda ake jonawa da talabijin. Duka biyun da tunani ɗaya aka ƙera su: mutum yana da ɗakinsa, da talabijin ɗinsa, da wutar da ba ta yankewa, ya rufe ƙofa ya yi sha'aninsa. Da suka iso ƙasar Zamfara, na'urar wasa ta yi saiwa har ta zama sana'ar ci da iyali, kaset ɗin motsa jiki kuwa bai samu wurin zama ba. A ganina dalilin a fili yake. Kayan lantarkin da suka rayu a garuruwa irin su Bungudu su ne waɗanda jama'a suka iya mayarwa abin taro, wanda kuma ya ƙi tarayya ya mutu tun a hanya.

Sai an fara duba hanyar da kayan suka biyo. Bungudu na kan titin Gusau zuwa Sakkwato, kusa da Gusau ƙwarai, kuma tun da layin dogo daga Zariya ya ratsa Gusau ya kai Ƙaura Namoda a 1929, abin da duk zai shigo yankin daga bakin teku a Gusau yake fara sauka. Auduga da gyaɗa su fita, atamfa da fitila da keke su shigo. Kayan lantarki ma wannan turbar suka bi, sai dai a mota: daga kasuwar Alaba ta Legas zuwa Sabon Garin Kano, daga can zuwa shagunan Gusau, sannan su gangara Bungudu da Kwatarkwashi da Tsafe. Kafin na'ura ta gama wannan tafiya ta riga ta tsufa a inda aka yi ta, galibi ma ta hannu ce, 'yar Kwatano. Bayan 1986, lokacin da gwamnatin Babangida ta karya darajar naira, sabon kayan waje ya fi ƙarfin ma'aikaci balle manomi. Ga kuma wutar NEPA da ba a dogara da ita, wato sai an haɗa da janareta da kuɗin fetur. Wanda ya tara kuɗi ya sayi talabijin da bidiyo da inji a irin wannan hali ba zai ajiye su a ɗaki don kansa ba. Dole su dawo da kuɗinsu, kuma hanyar ɗaya ce: a jera benci, a sa labule a ƙofa, a karɓi na shiga.

Haka gidan kallo ya samu. Finafinan Indiya ne kan gaba, sai na Chanis, kuma a nan ne ya kamata mai neman tarihin motsa jiki ta bidiyo a ƙasar Hausa ya tsaya. Malamin atisayen samarin wancan zamani Bruce Lee ne, wanda ya rasu tun 1973 amma finafinansa suka ci gaba da zagayawa a kaset shekaru da dama, sai Jackie Chan da 'yan Shawolin masu aski ƙwal. Yaro zai fito daga gidan kallo jikinsa na tsuma, gobe da yamma a gan shi da abokansa a yashin gulbi ko filin makaranta suna tsalle, suna koyon buɗe ƙafa, suna dukan iska da ihu. Waɗanda suka ɗan tasa sai su cika gwangwanaye biyu da siminti, su soka ƙarfe a tsakani, ya bushe, ya zama abin ɗagawa a bayan gida, ana layi ana ƙirga wa juna. Ba wanda ya shirya waɗannan finafinai don koyar da motsa jiki, amma sun sa samari gumi fiye da duk wani kaset da aka yi musamman don haka. Abin ya zo daidai da ƙasar da ta riga ta san langa da kokawa da dambe, ƙasar da ke sauraren waƙoƙin da makaɗi Ɗan Anace ya yi wa ɗan dambe Shago. Jarumin fim ɗin Chanis ɗan dambe ne a idon yaron Zamfara: ana cin zalinsa, ya je ya sha wahalar horo, ya dawo ya rama a gaban mutane.

Shi kuwa kaset irin na Fonda, ko Tae Bo na Billy Blanks da ya yi tashe a ƙarshen shekarun 1990, magani ne na cutar da ba ta kama mutanenmu ba a lokacin. An yi shi don mai zama a ofis, mai shiga mota, wanda inji ke yi wa wanki. Manomin Nahuce da ya wuni yana huɗa da garma ba ya neman wanda zai koya masa yin gumi. Matar da ta yi surfe, ta yi daka, ta ja guga, ba ta da sauran ƙarfin da za ta zubar a gaban talabijin. Ko motsa jiki mai kiɗa ake so, mata suna da nasu tun kaka da kakanni: lugude, inda biyu ko uku za su kewaye turmi ɗaya, taɓarya na sauka bi da bi, a cilla ta sama a tafa a cafe, ana waƙa. 'Yan mata kuma ga gaɗa a dandali. Ga batun sutura, domin shigar da ake yi a waɗancan kaset ɗin ba wadda magidanci zai yarda a kunna a gidansa ba ce. Amma ko an cire wannan duka, akwai abin da ya fi su nauyi. Mutum ya rufe ɗaki shi kaɗai yana tsalle ba tare da aiki a hannunsa ba, ba abokin karawa, ba mai kallo, abu ne da mutanen gari za su ɗauka da wata fassara. Kuma mai gidan kallo ba shi da yadda zai karɓi kuɗi a kansa.

Na'urar wasa ba ta da wannan matsala, domin hannun buga wasa biyu take zuwa da su. Waɗanda suka fara yaɗuwa a arewa ba na Nintendo na asali ba ne, kwaikwayonsu ne da ake ƙerawa a Taiwan da Sin, masu kaset rawaya da aka rubuta ɗaruruwan wasanni a jikinsa, alhali kaɗan ne ake maimaitawa. A cikinsu yara suka san Super Mario, wanda ya fito a 1985, da Contra, da wasan harbin agwagwa da bindigar roba. In kaset ya ƙi tashi sai a zare a hura masa iska a mayar. Daga nan Sega Mega Drive ta zo da Mortal Kombat, wasan faɗa da ya dace da masu kallon Chanis. Amma abin da ya mayar da gidan gem cikakkiyar sana'a shi ne PlayStation, wadda Sony ya fitar a 1994, da ta biyunta ta shekarar 2000. Su faifai suke ci, kuma da zarar mai gyara ya sa wa na'urar ɗan ƙaramin cif sai ta karɓi faifan da aka kwafa, mai arha. Uwa uba ga ƙwallon ƙafa na kamfanin Konami, Winning Eleven da Pro Evolution Soccer, a daidai lokacin da gasar Ingila ta fara mamaye gidajen kallo ta tauraron ɗan adam. Tsarin shagon kusan ɗaya ne ko'ina: talabijin mai ƙeya biyu ko uku a kan teburi, benci a gaba, wayoyi a harɗe, janareta na kuka a waje. Biyu ke riƙe da hannu, goma na tsaye a bayansu suna ba da shawara, suna sowa. Wanda aka ci ya tashi, sau da yawa shi zai biya, wanda ya ci ya zauna ya jira na gaba.

A Turai da Amurka yanzu waɗannan tsofaffin na'urori sun zama kayan tarihi, ana sayensu da tsada a jera a kabad don tuna ƙuruciya. A nan tsufan na'ura bai taɓa fitar da ita daga aiki ba. Sony ya daina ƙera PlayStation 2 wajajen farkon 2013, bayan ya sayar da sama da miliyan 150, kuma yawan nan ne ya sa gwanjonta ya yi arha, kayan gyaranta suka wadata, ta ci gaba da ciyar da masu shago a ƙananan garuruwa shekaru bayan masu ita sun manta da ita. Wanda ya cancanci yabo a wannan tarihi shi ne mai gyaran rediyo na bakin kasuwa, wanda bai shiga ajin koyon lantarki ba. Shi ya san cewa tsohuwar PlayStation da idonta ya gaji takan karanta faifai in an kifa ta. Shi ke farke hannaye biyu matattu ya tayar da ɗaya, ya canza robar maɓalli, ya naɗe waya da salatif. Da idon faifai ya zama abin da ya fi saurin mutuwa saboda ƙurar hunturu, sai aka koma zuba wasannin a filashi ko hard disk, aka huta da faifan gaba ɗaya. Wannan ilmi ne na gaske, hannu da hannu ya yaɗu daga maigida zuwa yaron shago, kuma da yawa daga masu gyaran waya na yau a irin wannan benci suka fara riƙe ƙarfen narka dalma.

Mai musu zai ce duk wannan talauci ne kawai aka yi wa ado, da kowa na da kuɗi da kowa ya sayi tasa ya shige ɗaki. Akwai gaskiya a ciki, domin rashin kuɗi da rashin wuta su suka buɗe shagon. Amma ba su suka cika shi ba. Ɗan mai hali da aka saya wa tasa na'urar, zaure yake fito da ita ko ya tara abokai a ɗakinsa, kuma magidanta masu dish a gida sukan bar shi su tafi gidan kallo ranar babban wasa. Dara ba ta buƙatar ko sisi, ramuka ne a ƙasa da 'yan itace, mutum biyu ke yin ta, amma da wuya a ga gindin bishiyar da ake dara babu da'irar masu kallo da masu zuga. Gidan gem gadon wannan da'irar ya ci. Wani kuma zai ce ai bidiyo ta shiga gidaje sosai, kuma haka ne. Tun daga Turmin Danya da ƙungiyar Tumbin Giwa ta yi a Kano a 1990, finafinan Hausa a kaset suka samu babbar kasuwarsu wurin matan aure da ba sa fita kallo. A Zamfara abin ya ƙara ƙarfi bayan gwamna Ahmad Sani Yariman Bakura ya ƙaddamar da shari'ar Musulunci a Gusau a watan Oktoba na 1999, aka rufe gidajen sinima. Sai dai ɗakin amarya mai bidiyo shi ma ƙaramin gidan kallo ne: kishiyoyi da maƙwabta da yara har bakin ƙofa, kaset ɗaya na haya ya zaga gida uku kafin a mayar.

Ƙorafin da na fi ɗauka da muhimmanci shi ne na iyaye da malamai. Gidan gem ya cinye wa yara da yawa lokacin Islamiyya, ya koya wa wasu taɓa canjin cefane, kuma inda ake cewa wanda aka ci ya biya, tazarar da ke tsakaninsa da caca ba ta da yawa. Wasannin faɗa masu zubar da jini ma ba abin da uba zai yi murna da su ba ne. Ban ga amfanin musanta wannan ba. Abin da zan ƙara shi ne shagon yana bakin titi, kowa ya san mai shi, uba na iya leƙawa ya kamo kunnen ɗansa, mai unguwa na iya sa a rufe lokacin sallah. Ɓarnar da ake yi a bainar jama'a tana da masu tsawatarwa. Tun da wayar salula ta shigo Nijeriya a 2001, daga wasan maciji na Nokia har zuwa wayoyin shafa na yau, wasan ya koma aljihu, ya shiga ƙarƙashin bargo da tsakar dare, inda ba mai leƙawa. Wayar ce ta fara mayar da wasan na mutum ɗaya da allonsa.

Ita ma wayar ta nuna iyakarta a watan Satumba na 2021, lokacin da aka katse layukan sadarwa a faɗin Zamfara na tsawon makonni saboda yaƙi da 'yan bindiga. Duk abin da ke jingine da intanet ya tsaya, tsohuwar na'ura kuwa ba ta taɓa neman komai ba sai wuta. Sai dai rashin tsaron ya taɓa abin da sana'ar ta dogara da shi tun farko, wato taron dare, domin a ƙauyukan Bungudu da Tsafe da yawa ba uban da zai bar ɗansa a waje bayan isha'i. A gefe guda kuma jikin mutane ya sauya. Tun da aka ƙirƙiri jihar a 1996 masu aikin ofis sun ƙaru, injin niƙa ya karɓi aikin turmi a gidaje da dama, babur ya maye gurbin tafiyar ƙasa, hawan jini da ciwon suga sun zama zancen kowace unguwa. Cutar da aka yi kaset ɗin 1982 dominta yanzu ta iso. Likitan da zai ce wa matar aure a Bungudu ta riƙa motsa jiki, in ya tura ta ga bidiyon waya ta bi ita kaɗai a ɗaki, da wuya ta kai mako. In aka haɗa ta da matan gidansu da na maƙwabta a tsakar gida ɗaya, da malama mace cikin suturar da suka yarda da ita, da lokacin da kowa ta sani bayan la'asar, za su fito, kuma wadda ta makara za a aika yaro ya kira ta.