Ɗan Sandan da Muka Tafa wa: Daga Zanjeer Zuwa Singham

Kakanninmu a ƙasar Kano sun san dogarai da 'yan dokan En'e, masu karɓar umarni daga sama su sauke shi a kan talaka. Ba a yi musu kallon jarumai ba. Ko bayan da aka haɗe 'yan doka cikin rundunar 'yan sandan Najeriya a ƙarshen shekarun 1960, tsoron kaki bai bar zukata ba.

Silima ce ta kawo mana wani ɗan sanda daban. An buɗe Rex a Kano a 1937, daga baya Palace da Plaza da Eldorado suka biyo, 'yan kasuwar Labanon kuma suka cika su da finafinan Indiya. A 1973 aka yi Zanjeer, inda Amitabh Bachchan ya fito a Sufeto Vijay, mai gaskiya da zafin zuciya, wanda aka ƙulla wa sharri ya ɗauki fansa da hannunsa. A 1975 Deewaar ya zo da Ravi, ɗan sandan da ya harbi yayansa saboda doka. Talakan da bai taɓa ganin an kama babban mutum ba ya ga hakan a allo, ya miƙe ya yi tafi.

Da finafinan Hausa na bidiyo suka fara da Turmin Danya a 1990, masu shiryawa sun ari soyayya da rawa da waƙa daga Indiya, amma suka bar jarumin ɗan sanda a can. A yawancin finafinanmu sai an gama rikici yake isowa da ankwa. Ko a Basaja na Adam A. Zango, ɗan damfarar ne mai kallo yake bi da zuciyarsa. Mai yiwuwa masu fim sun san ba za mu yarda da Sufeto Vijay ba idan ya sa kakin gida.

Fassarar Indiya-Hausa ta su Algaita ta dawo da shi da ƙarfinsa. Dabangg na 2010 da Singham na 2011 suka shiga wayoyi ta shagunan tura finafinai, daga kasuwar Wudil har Dagumawa. Yanzu ɗan sandan yana magana da harshenmu, yana marin wanda ake zargi tun kafin a kai shi gaban alƙali, mu kuma muna shewa.

A nan ne masu sukar fim suka bar giɓi. Tun kafa Hukumar Tace Finafinai ta Jihar Kano a 2001, muhawararmu a mumbari da rediyo da jaridu ta fi karkata ga sutura da rawa da cuɗanyar maza da mata. Da wuya ka ji an tambayi me yaro yake koya idan jarumi ya lakaɗa wa mutum duka a ofishin 'yan sanda. A Indiya kuwa an yi tambayar. A 2023 Mai Shari'a Gautam Patel na Babbar Kotun Bombay ya yi gargaɗin cewa irin su Singham suna koyar da saƙo mai haɗari, na hukunci ba tare da shari'a ba.

Maganar ta shafe mu fiye da kowa. A Wudil ne Kwalejin Horar da 'Yan Sanda da aka kafa a 1988 take, wadda yau take ba da digiri ga manyan jami'an gobe. Da yawansu da waɗannan finafinai suka tashi, kamar mu. A aji za a karanta musu dokar haramta azabtarwa ta 2017, a waya kuma Singham yana nuna musu akasinta. Zanga-zangar EndSARS ta Oktoban 2020 ta nuna inda dukan da ba shari'a yake kai ƙasa.

Idan mai fim a Kano ya tashi ba mu jarumin ɗan sanda na gida, muna roƙon ya ba mu wanda zai tara hujja ya kai kotu ya yi nasara. Mu masu kallo kuma mu tuna cewa wanda ake mari a allo, a zahiri yakan zama ɗan wani ne daga cikinmu.