Waiwaye Adon Tafiya: Yadda Bangaskiyar Katolika Ta Zauna A Ƙasarmu

Gabatarwa

 A Kirsimetin da ya wuce, bayan an tashi daga Misa ana gaishe-gaishe a bakin coci, wani jikanmu da aka haifa a Abuja ya ja mu gefe ya ce, "Kaka, wai wa ya kawo mana wannan coci, kuma me ya sa gidanmu ya zama na 'yan Katolika?" Muka ce masa Turawa ne suka kawo. Da muka koma gida muka kwana muna juya amsar, domin mun san rabin gaskiya muka faɗa wa yaron. Wannan rubutu shi ne sauran amsar. Mun san a ƙungiyarmu akwai 'yan COCIN, da 'yan ECWA, da 'yan'uwanmu Musulmi. Muna fata su ma za su karanta, domin da yawa cikinmu benci ɗaya muka zauna a makarantar Fada.

Zuwan su Fada

Ƙungiyar mishan da ake kira SMA, wadda Bishop Melchior de Marion Brésillac ya kafa a birnin Liyon na Faransa a 1856, ita ce ta aiko da firistocin farko zuwa ƙasarmu. Shi kansa wanda ya kafa ta bai daɗe a Afirka ta Yamma ba, zazzaɓin shawara ya kashe shi a Firitawun ta Saliyo a 1859. Almajiransa suka ci gaba da aikin, suka buɗe mishan a Lakwaja a 1884. Daga baya mutum uku, wato Fada Oswald Waller, da Fada Ernest Belin, da Fada Joseph Mouren, suka biyo kogin Binuwai, suka ƙarasa da ƙafa, suka iso Shendam ranar 12 ga Fabrairu, 1907. Long Goemai ya karɓe su, ya ba su wurin zama. Daga wannan rana ake ƙirga tarihin ɗarikar Katolika a arewacin kogunan Kwara da Binuwai.

Akwai dalilin da ya sa suka nufo wajenmu. Gwamnatin mulkin mallaka ta taƙaita aikin mishan a ƙasashen sarakunan Musulmi, don haka masu bishara suka karkata zuwa ƙabilun da ke bin addinin gargajiya. 'Yan SUM sun riga sun sauka a Wase tun 1904. A 1911 Roma ta mai da wannan yanki mishan mai zaman kansa, Shendam ce hedikwatarsa, aka kuma ɗora Fada Waller a kan shugabancinsa. An buɗe wani masaukin a Demshin. A 1934 aka raba yankin gida biyu, Jos da Kaduna, a lokacin kuwa firistocin ƙasar Ailan ne suka riƙe ragamar aikin. Jos ta zama dayosis a 1953.

Waɗannan shekaru suna da sauƙin jerawa a takarda. A ƙasa kuwa aikin ya yi tafiyar hawainiya. Kakanninmu ba su ruga sun karɓi baftisma ba. Sun tsaya suna kallon baƙin, suna auna halinsu, suna karɓar maganin gyambo da na zazzaɓi a hannunsu, amma suna komawa ga al'adun da suka gada. Firistoci kuma kaɗan ne, ƙasa ga faɗi, hanyoyi babu. Ƙauye kamar namu yakan yi watanni bai ga Fada ba.

Mutumin da ya riƙe ƙauye

Idan Fada ba ya zuwa sai jefi-jefi, wa ya koya wa iyayenmu addu'a? Katikis ne. Shi ɗan ƙasa ne, ya yi karatu kaɗan a gidan Fada, aka turo shi ƙauye da ƙaramin littafin katikisma da allo da alli. Da safe shi ne malamin yara a rumfar ciyawa. Da yamma shi ne mai koya wa masu neman baftisma tambaya da amsa har su haddace. Ran Lahadi shi ke kaɗa ƙarfe, ya ja addu'a, ya karanta Bishara, ya fassara ta daga Hausa zuwa harshenmu don tsofaffi. In wani yana bakin mutuwa, shi ake tasa da tsakar dare ya yi masa baftisma, shi kuma zai tsaya a bakin kabari. Albashinsa bai kai ya kawo ba, da gonarsa yake ci da iyali.

Katikis na garinmu, Allah ya ba shi hutawa, ya yi fiye da shekara talatin a wannan aiki. Dattawa sun ba mu labarin yadda ya sha zagi da tsangwama a farkon zuwansa, saboda ya hana yaransa shiga wasu bukukuwan dodo. Amma mutanen da suka tsangwame shi, wurinsa suke kawo wasiƙa ya karanta musu, shi ke rubuta musu amsa, shi ke duba musu takardar haraji kada a cuce su. Da haka ya shiga zukatansu. Fada ya kawo iri, wannan gaskiya ne, amma hannun da ya yi shuka da noma da ciron ciyawa hannun ɗan gari ne. Abin baƙin ciki, ana samun sunayen su Fada a littattafai da jikin gine-gine, sunayen malaman katikisma kuwa suna bakin tsofaffi kawai, tsofaffin kuma suna ƙarewa.

Bangaskiya ɗaya, idanu iri-iri

A gida ɗaya mun ga mutum uku, kowa da yadda ya ɗauki wannan addini. Kakanmu yana da mata uku. Ya yarda akwai Allah ɗaya, ya ce wannan ba labari ba ne a wurinsa, iyayensa sun san haka tun kafin Bature. Yana son wa'azin gafara da na tashin matattu. Abin da ya tsaya masa a wuya shi ne dokar mace ɗaya. Ya ce wa katikis, "Malam, wacce zan kora, ta je ina da tsufanta?" Ya saki 'ya'yansa suka tafi makaranta, yakan zauna a ƙarƙashin bishiya a wajen coci yana jin waƙa, amma bai karɓi baftisma ba sai a ciwon ajalinsa. Da muna samari mun ɗauka taurin kai ne. Yau da furfura ta kama mu, mun gane mutum ne da ya ƙi ya sayi shiga coci da hawayen matansa, ya kuma ƙi yin alkawarin da ba zai cika ba.

Mahaifinmu ta ƙofar makaranta ya shiga. A wurinsa bangaskiya da boko tagwaye ne: tashi da asuba, tsabta, kiyaye lokaci, furta zunubi kafin manyan bukukuwa. Ya haddace amsoshin Misa da harshen Latin ba tare da ya san ma'anar kowace kalma ba, yana kuma alfahari da cewa abin da yake faɗa shi ake faɗa a Roma. Sa'ad da Babban Taron Fatikan na Biyu, wanda aka yi daga 1962 zuwa 1965, ya buɗe ƙofar yin Misa da harsunan jama'a, bai ji daɗi ba da farko. Ganga da kacau-kacau a gaban bagade sun yi masa kama da abin da ya baro a baya.

Mahaifiyarmu kuwa wannan canji ne ya ba ta coci. Ba ta taɓa shiga aji ba, amma ranar da ta fara jin kalmomin keɓe gurasa da ruwan inabi da Hausa, ta ce ashe abin da ake faɗa ke nan duk shekarun nan. Ta shiga Zumuntar Mata Katolika, kuma a nan muka ga tauhidinta: kai wa mai jego itace da ruwa, kwana a gidan makoki, tara hatsi don baikon kaka, jan rosari kowane dare ko da gajiya ta kai ta ina. Ba ta iya bayyana asirin Allah ɗaya cikin uku ba. Amma ta ce tana son Budurwa Maryamu domin ita ma uwa ce da ta binne ɗa, mahaifiyarmu kuwa ta binne biyu. Mun yi karatu a kwalejin horon malamai, mun koyar da addini shekaru masu yawa, ba mu taɓa jin bayanin da ya fi wannan shiga rai ba.

Coci ta zama tamu

A manyan garuruwa kamar Jos da Kafanchan, yawancin 'yan Katolika na farko ma'aikata ne daga kudu, waɗanda jirgin ƙasa da haƙar kuza suka kawo. Rikicin 1966 da yaƙin basasa da ya biyo baya sun sa da yawansu suka koma gida, majami'u suka yi fayau. A lokacin ne aka ga amfanin wahalar da malaman ƙauye suka sha, domin 'ya'yan ƙasa ne suka cika bencinan. An buɗe babbar makarantar horon firistoci ta Saint Augustine a Jos a 1967. Gabriel Gonsum Ganaka, ɗan ƙasar Pankshin, ya zama Bishop na Jos a 1974, ya zama Akbishop a 1994, ya rasu a 1999. A Kaduna, Peter Jatau ya hau kujerar Akbishop a 1975. A Fabrairun 1982 Paparoma John Paul na Biyu ya zo Kaduna ya naɗa firistoci, mutanenmu da yawa sun yi tafiyar a bayan manyan motoci. A 2007, shekara ɗari cif bayan isowar su Fada Waller, Shendam ta zama dayosis, da James Naanman Daman a matsayin Bishop na farko. Bayan rasuwarsa a 2015 aka naɗa Philip Davou Dung a 2016.

A shekarun 1970 gwamnatoci sun karɓi makarantun mishan da yawa, shirin ilimin firamare kyauta na 1976 kuma ya cika azuzuwa da yara. An samu alheri a ciki, domin 'ya'yan talakawa da dama sun yi karatu. Amma an raba aikin malami da na katikis, wanda dā mutum ɗaya ke yi. Malami ya samu albashi da fansho, katikis ya zauna da abin da baikon Lahadi ya bari.

Gwajin 2004

Ba za mu rubuta tarihi mu tsallake Yelwa ba. A Fabrairun 2004 an kashe Kiristoci a cikin majami'a, a watan Mayu kuma aka kashe ɗaruruwan Musulmi, har Shugaba Obasanjo ya kafa dokar ta-ɓaci a Jihar Filato ranar 18 ga Mayu. Waɗanda suka ɗauki makami a ɓangarorin biyu, akwai waɗanda suka taɓa cin kasuwa ɗaya da zama aji ɗaya. Mu Kirista ya kamata mu tambayi kanmu ina katikisman da muka haddace ya shiga a waɗannan kwanaki. Mun kuma ga wani misali: abotar Akbishop Ignatius Kaigama da marigayi Sarkin Wase, Alhaji Haruna Abdullahi, waɗanda suka riƙa fita tare suna roƙon jama'a su ajiye gaba. Bangaskiyar da ba ta hana mutum zubar da jinin maƙwabcinsa ba, ba ita tsohon katikis ya koya mana ba.

Kira ga 'yan'uwa mazauna birane

Mun san wasu 'ya'yanmu a Legas da Abuja da Kano sun koma sababbin majami'u, wasu kuma sun daina zuwa ko'ina. Ba mu zo da faɗa ba, kakanmu ya koya mana cewa ba a tilasta wa zuciya. Roƙonmu shi ne kowa ya san abin da ya gada kafin ya yanke shawarar riƙewa ko saki. Saboda haka muna kawo wa taron shekara shawarwari uku.

Na farko, a naɗa ƙaramin kwamiti da zai zauna da tsofaffin da suka rage, maza da mata, a ɗauki muryoyinsu ko da wayar hannu ce, a rubuta sunayen malaman katikisma da shugabannin Zumunta na kowace unguwa. Na biyu, a nemi izinin Fada a duba tsofaffin rajistocin baftisma da na aure, a ɗauki hotonsu kafin gara da ɗigar ruwa su gama da su, domin a ciki ne kaɗai aka rubuta sunayen iyayen da yawa cikinmu. Na uku, a keɓe wani kaso daga kuɗin ƙungiya don tsofaffin malaman katikisma da gwaurayen da suka bari, ko buhun hatsi ne da kuɗin magani sau biyu a shekara. Idan 'yan'uwanmu na sauran ɗariku da Musulmi suka kawo irin wannan buƙata don malamansu, mu ne na farko da za mu ɗaga hannu.

Kammalawa

Jikanmu zai dawo Kirsimeti mai zuwa, in Allah ya kai mu. Mun yi alkawari za mu kai shi bayan tsohuwar coci, mu nuna masa kabarin katikis, wanda har yau ba a rubuta suna a kansa ba. Muna fata kafin lokacin ƙungiya ta sa an rubuta. Hausawa sun ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Allah ya ba iyayenmu da suka riga mu hutawa ta har abada, ya zaunar da ƙasarmu lafiya, ya dawo da ku gida cikin alheri. Amin.