Ruwa Ba Ya Tsami Banza: Tarihin Ruwan Shanmu Daga Kubanni Zuwa Galma

   

Yau zancenmu a kan ruwa ne. A kowane gida, mace ce ta fi kowa taɓa ruwa, tun daga na alwalar asuba da na damun koko har zuwa wanke-wanken dare. Amma da yawa daga cikinmu iyakar saninmu da shi daga bakin famfo, ko daga kurar ɗan ga-ruwa, zuwa randa. Daga ina ya taso? Me ya haɗu da shi a hanya? Me ya sa wani lokaci yakan zo da ƙarni, ko da ɗanɗanon laka? Hausawa sun ce ruwa ba ya tsami banza. To, bari mu bi sawun ruwan Shika da Samaru da Sabon Gari, mu ga yadda aka yi tun farko, mu ga kuma inda hannunmu yake a ciki.

A zamanin kakanninmu, mutanen Zazzau da rijiya suka dogara, sai rafuka irin su Kubanni da Kamaca da babban kogin Galma, sai kuma kududdufai, wato ramukan da aka haƙi ƙasar gini ruwan sama ya taru a ciki. Kada mu ce komai na da lafiya lau yake. A ruwan kududdufi da tafki ake ɗaukar kurkunu, cutar da ta daɗe tana kwantar da manoma a tsakiyar damina, wadda sai a 2013 aka tabbatar wa Nijeriya ta rabu da ita. Sai dai akwai abu ɗaya da mutanen da suka iya, wanda ya kuɓuce mana. A wurinsu shara dukiya ce. Tokar murhu, kashin awaki da na kaji, ƙaiƙayi, sharar tsakar gida, duk a juji ake tarawa. Da rani manoma su zo da jakuna da mangala su kwashe, su kai gona. Ƙarfin da ke cikin sharar nan ya shiga ƙasa, ya dawo gida a matsayin dawa da gero. Ki riƙe wannan a ranki, uwargida, za mu dawo kansa.

Wajajen 1911 jirgin ƙasa ya iso Zariya. Zuwan reluwe ne ya haifi Sabon Gari, inda ma'aikata da 'yan kasuwa daga ko'ina suka sauka. A 1922 Turawa suka buɗe tashar binciken aikin gona a Samaru, a 1928 kuma suka kafa gonar kiwon dabbobi a Shika, wadda daga baya ta zama cibiyar binciken dabbobi ta ƙasa. Jama'a suka ƙaru, rijiyoyi suka kasa. Shi ya sa a 1939 aka gina gidan ruwa na farko da ke jan ruwa daga Galma, mai tace lita miliyan 10 a rana.

Da aka buɗe Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, sai Samaru ta tashi daga ƙauye ta koma gari. Shi rafin Kubanni daga tudun Kampagi da ke yankin Shika yake tasowa, ya ratsa ta harabar jami'a, ya gangara ta gefen Sabon Gari da Tudun Wada, ya je ya faɗa Galma. A 1973, shekarun da fari ya addabi Arewa, jami'a ta datse shi ta yi dam domin ɗalibai da ma'aikatanta, mai ɗaukar kimanin lita biliyan 2.6. Bayan shekara biyu, a 1975, aka datse Galma ita ma domin mutanen gari, aka yi madatsar da jama'a ke kira Shika Dam, mai ɗaukar kusan lita biliyan 16, da sabon gidan ruwa mai tace lita miliyan 50 a rana.

To, a nan ne fa labari ya sauya. Rafi mai gudu yana tafiya da ƙazantarsa. Dam kuwa randa ce babba, abin da ya shiga ya zauna. Duk abin da ruwan sama ya wanko daga gonaki da unguwannin da ke sama da ita, cikinta yake ƙarewa. Kuma a daidai waɗannan shekaru ne takin zamani ya fara yawa a hannun manoma. A 1976 gwamnatin Janar Obasanjo ta fito da shirin ciyar da ƙasa, a 1980 gwamnatin Alhaji Shehu Shagari ta biyo da nata shirin bunƙasa noma, ana sayar da taki da rahusa. Kamfa da yuriya da sufa suka shiga kowane ƙauye. Masara ta samu karɓuwa a ƙasar Zazzau, ita kuwa masara ba ta yi sai da taki. Noman rani na tumatir da albasa da rake ya bazu a fadamun Galma har bakin ruwa. Alhamdu lillahi, abinci ya ƙaru. Amma ba duk takin da aka watsa ne shuka ke sha ba. Wanda ya saura, ruwan sama ya tafi da shi.

A cikin gari kuma, wancan tsohon tsari na juji da jaki ya yi rauni. Leda ta shigo ta gauraye da shara, manomi ya fara ƙyamar kai ta gonarsa. Gidaje suka matsu, ba filin juji. Sai kwata ta zama juji. Wa bai san yadda ake yi ba? Da hadari ya haɗo, sai a ce wa yara ko almajirin gida, maza ku kwashe sharar nan ku zuba a kwata ruwa ya tafi da ita. Ina ruwan zai kai ta? A Samaru, akwai rafin da ke kwashe ruwan kwatocin gari ya shiga harabar jami'a ya zube a dam ɗin Kubanni. Malaman jami'ar sun sha yin bincike a kan dam ɗin nan, suna nuna yadda laka da yashi ke cike ta suna rage mata zurfi, da yadda ƙazantar gari ke shigarta.

Yanzu bari in yi miki bayanin abin da ke faruwa a cikin ruwan, don shi ne zuciyar maganar. A cikin taki akwai sinadarai biyu da ke sa shuka girma, masana na kiransu naitirojin da fosfaras. Su ɗin nan suna cikin takin zamani, suna cikin kashin dabbobi, suna cikin fitsari da bayan gidan ɗan Adam, fosfaras kuma yana cikin wasu nau'o'in garin sabulun wanki. A gona albarka ne. In suka shiga ruwan da ke kwance, aikinsu ɗaya dai suke yi, wato su ciyar da tsiro. Sai dai tsiron da ke cikin ruwa gansakuka ce da kainuwa. Kin taɓa mance ruwa a bokiti a rana na wasu kwanaki, kika ga gefensa ya yi kore yana santsi? To, ki ƙaddara an zuba wa wannan taki. Haka dam ke yi, musamman da bazara, lokacin da ruwa ya ja baya rana kuma ta take.

Ita gansakuka ba ta daɗewa. Ta mutu, ta nutse, ta ruɓe, ruɓewar kuma ta cinye iskar da kifi ke shaƙa a cikin ruwa. Daga nan sai wari, wani lokaci a ga kifi ya taso matacce. Shi kuwa fosfaras manne wa laka yake yi ya kwanta a ƙasan dam, yana tasowa a hankali shekara da shekaru. Ko yau aka daina zuba ƙazanta, dam ba ta warkewa a damina ɗaya.

A gidan ruwa, alif ake zubawa datti ya dunƙule ya kwanta, a tace ta cikin yashi, sannan a sa kulorin ya kashe ƙwayoyin cuta. In ruwa ya zo da gansakuka da laka da yawa, matatar yashi takan toshe da wuri, a ƙara alif, a ƙara kulorin, a ƙara kuɗi, ruwan da ake turowa gari kuma ya ragu. Kin ga ashe sharar da aka zuba a kwata tana da hannu a bushewar famfo.

Akwai kuma abin da ya fi wari haɗari. Wani nau'in gansakuka, ba duka ba, yana fitar da guba mai taɓa hanta. A watan Agusta na 2014, a birnin Toledo na ƙasar Amurka, an hana mutum kusan 400,000 shan ruwan famfo har kusan kwana uku, saboda gubar nan ta bayyana a ruwan da suke ja daga tafkin Eri. Takin gonakin da ke kewaye da tafkin ne babban sanadi. Hukuma ma cewa ta yi kada a tafasa, domin tafasawa ba ta kashe gubar, ƙara mata ƙarfi take yi in ruwan ya ƙone. Amurka ke nan fa, da kuɗinta da injunanta.

Shi ma naitirojin, in ya tsiyaya daga shadda ko daga gona ya shiga rijiya, yakan zama abin da ake kira naitiret. Ba ya da launi, ba ya da wari. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada ya wuce miligiram 50 a lita ɗaya. In ya yi yawa, jariri ɗan ƙasa da wata 6 ya fi kowa shiga haɗari, domin yana hana jininsa ɗaukar iska, a ga leɓɓansa sun yi shuɗi. Shi ma tafasawa ba ta fitar da shi. Wannan ƙarin dalili ne da ya sa ake ce mana nono zalla har wata 6. Kuma hanyar da taki ke bi ya shiga ruwa, ita ƙwayoyin amai da gudawa ke bi. A 2021 kaɗai, kwalara ta kama sama da mutum 100,000 a Nijeriya, ta kashe sama da 3,000.

Mu koma tarihi. A 2005 Asibitin Koyarwa na jami'a ya koma mazauninsa na Shika, gine-gine suka bi shi, gonaki suka zama unguwanni. Ruwan 1975 ya daɗe da kasa wa Zariya. A 2008, zamanin Gwamna Namadi Sambo, aka ba da kwangilar sabon gidan ruwa mai tace lita miliyan 150 a rana, aka ƙaddamar da shi a 2017 zamanin Gwamna Nasiru El-Rufa'i. Lita miliyan 150, in kika auna da jarkar ɗan ga-ruwa mai cin lita 25, jarka miliyan 6 ke nan kowace rana. Gwamnatin Tarayya kuma ta gina babbar madatsar Galma a Kuzuntu, ƙaramar hukumar Kubau, mai ɗaukar lita biliyan 186, don ta riƙa sako ruwa ko da rani. Duk da haka unguwanni da yawa ba su rabu da sayen ruwa ba.

Abin lura a wannan tarihi shi ne, daga 1939 zuwa yau, duk sanda ruwa ya kasa, abin da ake yi shi ne a ƙara girman dam a ƙara girman inji. Kula da abin da ke gangarowa cikin dam ɗin shi ne aka bari a baya. Birnin Niyok na Amurka wata hanya ya bi. A 1997 ya ƙulla yarjejeniya da garuruwan da ke kan tuddan da ruwansa ke fitowa, yana kashe kuɗi a killace shanu daga bakin rafi, a gyara wurin tara kashinsu, a gyara masai na gidaje. Da haka ya kauce wa gina matatar da za ta ci biliyoyin daloli. Rigakafi dai ya fi magani.

Za ki ce, ni da nake cikin kulle, ko hanyar dam ban sani ba, ina ruwana? Uwargida, dam daga rariyar gidanki ta fara. Ke ce mai iko da abin da ke fita ta nan. Ki ware leda daban. Toka da kashin dabbobi da ɓawon kayan miya ki tara su a lungu ɗaya, maigida ya kai gona, ko a sayar wa manoma, yanzu da takin zamani ya yi tsada ai nemansa ake yi. Ki hana a zuba shara a kwata, ko da hadari ko ba hadari. Kashin yara a shadda za a juye shi. In za a haƙa sabuwar shadda, ki tuna wa maigida ta yi nesa da rijiya, masana na cewa kamar mita 30 in fili ya samu, in kuma an kira masu kwashewa, a tambaye su inda za su zubar. In manomi ne, ki ba shi shawara cikin ladabi ya riƙa binne taki a gindin shuka maimakon watsawa, kada ya sa shi ana shirin ruwa mai ƙarfi, ya kuma bar ciyawa da itatuwa a bakin rafi su tare ƙasa. Ribarsa ce ma, don takin da ruwa ya tafi da shi kuɗinsa ne ya bi ruwa. Ruwan sha kuwa, a tafasa ko a sa masa maganin kulorin, a rufe randa, moɗa ta zama ɗaya. Wanda kika ga ya yi kore, ki bar shi gaba ɗaya.

Hukuma ma da nata nauyin, na kwashe shara, da hana noma da gini har bakin dam, da auna ruwa a kai a kai a faɗa wa jama'a sakamako. Mu riƙa tayar da maganar a Islamiyya da gidan suna, mazajenmu su kai ta gaban mai unguwa da kansila. Addininmu ya riga kowa, domin Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya hana yin fitsari a ruwan da ba ya gudu, ya kuma yi gargaɗi a kan yin bayan gida a mashayar jama'a. Wanda zai sha ruwan da ya bi ta rariyarki, wataƙila ba za ki taɓa ganinsa ba, amma yana da haƙƙi a kanki, kamar yadda kike da haƙƙi a kan na sama da ke.

A nan za mu dasa aya. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya raya mana zuriya, ya kare mu daga cututtukan zamani. Sai Allah ya sake sada mu. Wassalamu alaikum.