Bashin Gidajen Wasa Da Ya Buɗe Sabon Fanni A Jami'a

Ranar 19 ga Agusta, 1929, Sergei Diaghilev ya rasu a birnin Venice na Italiya, aljihunsa wayam. Shekara ashirin ya kwashe yana jan ragamar ƙungiyar rawar bale ta Rashawa, wadda ta yi tashe a Faris da Landan. Shi ya ɗauko Igor Stravinsky tun yana matashi ya ba shi aikin tsara kiɗa, shi kuma ya sa Pablo Picasso ya zana masa labulen dandamali da tufafin 'yan rawa. Amma da ajali ya zo, wasu mata aminansa ne, ciki har da shahararriyar mai ɗinkin nan Coco Chanel, suka ɗauki nauyin jana'izarsa. Ƙungiyar ba ta sake hawa dandamali ba. Ta watse, ta bar bashi.

Haka harkar take tafiya a wancan zamani. Mutum guda ne uban tafiya: shi ke zaɓen mai wasa, shi ke neman attajirin da zai zuba kuɗi, shi ke kama zaure, kuma lissafin duk yana cikin kansa. Babu makarantar da ta koya masa, sai zama kusa da wani gwani da kuma faɗuwa da tashi. A Amurka, babu wanda ya kai Sol Hurok suna a wannan sana'a. Ya shigo ƙasar daga daular Rasha a 1906, ya fara da talla da ƙananan ayyuka, ya taɓa karyewa a shekarun 1920, ya sake miƙewa. Shi ne manajan mawaƙiya Marian Anderson lokacin da aka hana ta wani babban zaure a Washington saboda baƙar fata ce, har ta yi waƙa a fili, a gaban ginin tunawa da tsohon shugaban ƙasa Lincoln, ranar 9 ga Afrilu, 1939, mutum kusan 75,000 suna saurare. Shi ne kuma ya kawo 'yan rawar Bolshoi daga Mosko a 1959, ana tsakiyar zaman doya da manja tsakanin Amurka da Tarayyar Sobiyat. Irin waɗannan mutane suna da ido da ƙarfin zuciya. Matsalarsu ɗaya ce: in sun kwanta dama, sana'ar ta bi su.

Shekarun 1960 ne suka kawo ƙarshen wannan salo, kuma abin mamaki, yalwar kuɗi ce ta fara jawo hakan.

A New York an buɗe zauren farko na cibiyar wasanni ta Lincoln a 1962. Shekara guda bayan haka gidan wasan kwaikwayo na Guthrie ya fara aiki a Minneapolis, garuruwa da dama kuma suka shiga gasar gina nasu. A watan Satumba na 1965 shugaba Lyndon Johnson ya sa hannu a dokar da ta kafa asusun gwamnatin tarayya na tallafa wa fasaha. A 1966 gidauniyar Ford ta ware kimanin dala miliyan 80 ga manyan ƙungiyoyin makaɗa 61, kuɗin da ba a taɓa ganin irinsa ba a wannan fage. Sai dai kowace dala tana tafe da sharaɗi. Asusun gwamnati yakan buƙaci ƙungiya ta nemo wata dalar daga wani wuri kafin ta karɓi tasa. Mafi yawan kuɗin Ford ma ajiya ce da ba ta zama ta ƙungiya sai ta tara nata kason cikin wa'adi. Dole ke nan a rubuta takardar neman tallafi, a tsara kasafi, a kawo rahoton mai binciken kuɗi, a zauna da kwamitin amintattu. A ɗaya gefen kuma ƙungiyoyin ƙwadago na makaɗa da 'yan wasa sun yi ƙarfi. A 1964 makaɗan babbar ƙungiyar kiɗa ta New York suka samu kwantiragin albashin mako 52 a shekara, a 1969 kuma taƙaddamar albashi ta hana gidan opera na Metropolitan buɗe kakar wasanninsa har ƙarshen Disamba. Mutumin da ya saba ƙulla ciniki da musafaha a teburin cin abinci ya tarar da kansa gaban lauyoyi da tulin takardu.

Ana cikin haka wasu malaman tattalin arziki biyu na jami'ar Princeton, William Baumol da William Bowen, suka fitar da littafi a 1966 kan halin kuɗi na gidajen wasa da ƙungiyoyin kiɗa da rawa. Baumol ba baƙo ba ne a duniyar fasaha, don shi kansa yana sassaƙa da zane. Sun tattara littattafan lissafin ƙungiyoyi, sun raba wa 'yan kallo takardun tambayoyi a zauruka, suka fito da bayanin da har yau shi ne darasin farko na fannin tafiyar da harkokin fasaha.

Ga yadda abin yake. A ɗauki kiɗan da Beethoven ya tsara wa masu goge huɗu. A zamaninsa mutum huɗu ne suke zama, kowa da gogensa, su kwashe wajen rabin sa'a ko fiye kafin su kai ƙarshe. Bayan shekara ɗari da hamsin, mutum huɗun nan dai ake buƙata, lokacin kuma bai ragu da minti ɗaya ba. Ba a sallamar mutum guda a ce uku sun isa, ba a kuma ninka saurin kiɗan don a gama da wuri. Amma a masana'antar mota ko ta agogo, injuna sun sa ma'aikaci ɗaya yana yin aikin da a da sai mutane da yawa, albashinsa kuma yana hawa daidai da haka. Mai goge a gari ɗaya yake zaune da wannan ma'aikaci, kasuwa ɗaya suke cefane, don haka tilas nasa albashin ya bi sahu, ko kuwa ya ajiye gogen ya nemi wani aiki. Kuɗin shirya wasa yana ta hawa ke nan, alhali kujerun zaure ba su ƙaru ba, tikiti kuma in ya cika tsada mutane su zauna a gida. Giɓin da ke tsakanin abin da ƙofa ta kawo da abin da aka kashe zai ci gaba da faɗi, ko da babu ɓarna ko sata. Wannan bayani ya wanke masu fasaha daga zargin almubazzaranci, amma ya ɗora wani nauyi: tunda giɓin ba zai tafi ba, sai an samu wanda aikinsa kullum shi ne cike shi, kuma wanda ya iya.

Dama tun 1965 wani kwamiti da asusun 'yan'uwan Rockefeller ya kafa ya koka kan raunin shugabanci a ƙungiyoyin fasaha, ya nemi a riƙa horar da manajoji. Jami'o'i suka amsa kira. A 1966, shekarar da Robert Brustein ya karɓi shugabancin makarantar wasan kwaikwayo ta Yale, aka fara digiri na biyu a kan tafiyar da gidan wasa. Dabarar Brustein ita ce ta fi burgewa cikin duk abin da aka yi a lokacin. A shekarar ya kafa gidan wasa na ƙwararru a jikin makarantar, ta yadda ɗalibin da ya yi darasin kasafi da safe zai kasance da yamma a ɗakin sayar da tikiti, yana ƙirga kujerun da ba a saya ba, ko yana bayan labule yana lissafin sa'o'in ma'aikatan fitila. Daga 1968 ɗalibai suka samu wani ɗan ƙaramin dandamali a ƙarƙashin wani gini, wanda su ke zaɓen wasanninsa, su ke tallata su, su ke riƙe da asusunsa.

Wasu jami'o'in ta ƙofar kasuwanci suka shigo. A 1969 jami'ar Wisconsin da ke Madison ta buɗe cibiyar wannan karatu a cikin makarantar kasuwancinta, jami'ar York ta Toronto a Kanada ma ta fara nata a shekarar. Harvard ta biyo baya a 1970 da gajeren kwas na lokacin hutu, inda ake ɗauko matsalar wata ƙungiya ta gaske a baza ta gaban ɗalibai, a ce kowa ya faɗi yadda zai yi in shi ne manaja. Tun daga nan fannin ya rabu gida biyu. Masu fitowa daga makarantar wasan kwaikwayo suna ganin sai ka san zafin dandamali kafin ka riƙe masa jaka. Na makarantar kasuwanci kuwa suna cewa lissafi lissafi ne, ko na asibiti ko na opera. Har yau ba a raba wannan gardama ba, kuma mai neman gurbi zai gane ɓangaren da makaranta take tun daga tsangayar da aka ajiye kwas ɗin.

A Ingila gwamnati ce ta ja gaba. Majalisar fasaha ta Birtaniya, wadda aka kafa a 1946, ta ga tana raba kuɗin jama'a ga gidajen wasan da ba su da ƙwararrun masu riƙe shi, sai ta ɗauki nauyin wani kwas a wata kwalejin kimiyya da fasaha ta Landan a 1967, daga baya ya koma jami'ar City. Vienna ta buɗe nata a tsakiyar shekarun 1970, Jamus ta shigo a ƙarshen shekarun 1980, a 1992 kuma makarantun Turai masu koyar da fannin suka kafa ƙungiyarsu a Warsaw.

Akwai wani reshe da ya tsiro daban, na kasuwar waƙa da faifai. A nan kuɗi ba ya yanke wa harkar, tambayar ita ce aljihun wa yake shiga. Labarin Elvis Presley ya isa misali. Manajansa, Kanar Tom Parker, ya fara da karɓar kashi 25 cikin ɗari, daga 1967 ya kai rabi a kan wasu cinikayya, alhali abin da aka saba bai wuce kashi 10 zuwa 20 ba. A 1973 ya sayar wa kamfanin RCA haƙƙin kuɗin tsofaffin faya-fayan Elvis a kan dala miliyan 5.4, cinikin da ya yanke wa mawaƙin da magadansa wata hanyar samu mai tsawo. Sai bayan rasuwar Elvis a 1977 ne wata kotu a Memphis ta sa aka binciki lamarin. In haka ta faru da mawaƙin da duniya ta sani, ana iya kwatanta abin da ya samu ɗimbin mawaƙa baƙaƙen fata na shekarun 1950, waɗanda suka sa hannu a takardun da ba wanda ya karanta musu.

Jami'ar Miami ce ta fara digiri a kan kasuwancin kiɗa a tsakiyar shekarun 1960. Kwalejin Belmont da ke Nashville, cibiyar kamfanonin waƙar karkarar Amurka, ta fara nata a farkon shekarun 1970, ɗalibanta suna fita aji su taka zuwa ofisoshin kamfanonin don koyon aiki. Kwalejin Columbia ta Shikago kuwa ta haɗa fasaha da nishaɗi da kafofin watsa labarai a sashe guda, a 1982 kuma ta kafa kamfanin faifai na ɗalibai. A wannan aji, ɗalibai ne ke sauraron waƙoƙin da aka aiko, su yi gardama kan wanda za a ɗauka, su tattauna kwantiragi da mawaƙi na gaske, su fitar da faifan kasuwa. In bai sayu ba, a idonsu za a yi asarar.

Fannin bai tsira daga suka ba, kuma sukar tana da tushe. A 1986 masanin zamantakewa Richard Peterson ya rubuta yadda ma'aikacin ofis mai takardar shaida ya maye gurbin uban tafiya na da, ya kuma danganta sauyin da matsin masu ba da tallafi, waɗanda ke son a yi musu bayanin kowane sisi. A shekarun 1980, da gwamnatocin Reagan a Amurka da Thatcher a Birtaniya suka matsa wa ƙungiyoyi su nemi kuɗi wurin kamfanoni, darussan talla da neman gudummawa suka mamaye manhaja. Manajan da aka horar ya guji asara yakan fi son maimaita wasan da ya tabbata zai cika zaure, kuma da wuya irinsa ya ba wani matashin da ba a sani ba amanar da Diaghilev ya ba Stravinsky. Wannan rashi ne na gaske. Amma wanda ya auna da ɗan rawar da aka bari a wata ƙasa babu kuɗin komawa gida, ko mawaƙin da ya tsufa ba shi da haƙƙin waƙarsa, zai ga cewa littafin lissafi mai tsabta da kwantiragin da kowa ya fahimta sun kare mutane da yawa. Makarantun da suka yi abin kirki su ne waɗanda suka haɗa biyun, suka sa ɗalibi ya ɗauki kasada da kuɗi na gaske, malami yana tsaye a kansa.

Igiyar wannan tarihi ta taɓo Najeriya. Gidauniyar Rockefeller ce ta tallafa aka kafa makarantar wasan kwaikwayo ta jami'ar Ibadan a farkon shekarun 1960, kuma a yau tafiyar da gidan wasa darasi ne a sassan wasan kwaikwayo na jami'o'in ƙasar. Masana'antar finafinan Hausa ta ɗanɗana kowace matsala da ta haifi fannin: satar fasaha, mutuwar kasuwar faifai, komawa YouTube da finafinai masu dogon zango, da yarjejeniyar baka tsakanin furodusa da jarumi ko mawaƙi, wadda takan ƙare da rigima. Sabuwar dokar haƙƙin mallaka da aka sa wa hannu a 2023 ba za ta amfani mai waƙa ba sai da wanda ya iya karanta ta ya kuma bi masa kuɗinsa. Ya kamata jami'o'in Kano da Zariya da sauran na arewa su haɗa sashen wasan kwaikwayo da na kasuwanci da na shari'a a kan wannan aiki, kuma kada su yaye ɗalibi sai ya riƙe kasafin wani fim ko wasa na gaske tun daga ranar farko har zuwa ranar biyan ma'aikata.